Ruran da Jakar Iska Mai Duwatsu

A Pa Rebatu ba a cewa a'a. In ka je aron ɓauna don ta tattake maka fadamar shinkafa, mai ita kuma ba ya son bayarwa, cewa zai yi ɓaunar ta ɗan gaji kwanan nan, ya zuba maka gahawa, ya tambayi lafiyar surukarka, har ka gane da kanka ka tashi. Haka muka taso muka tarar, ba mu kuma ga laifin abin ba, don mutum ɗari uku da ke zaune a dogayen gidaje huɗu, katako ɗaya tsakanin ɗakin kowa da na maƙwabcinsa, dole su iya bakinsu. To a irin wannan gari aka haifi Ruran Sakai, wadda tun tana shekara huɗu in aka miƙo mata abin da ba ta so, sai ta dubi mai miƙowar ido cikin ido ta ce, "Ba na so."

Uwarta ta rasu tana ƙarama, sai ƙanwar ubanta, Goggo Litad, ta ɗauke ta. Goggo ita ce gwanar ɗinkin duwatsun ado a duk kwarin nan. Hular amarya ko abin goyon jariri, in ba hannunta ne ya taɓa ba, gani ake bai cika ba. Ta yi iya yinta ta lanƙwasa harshen yarinyar. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta kai ƙara wajen fasto. Daga ƙarshe ta haƙura, ta koma roƙon Allah Ya kawo mijin da zai iya. Ya kuwa kawo Balang, mai dafa gishiri a rijiyar gishirin gari, mutumin da in ka zage shi sai ya tambaye ka ko ka karya. Amma akwai abin da ba kowa ya lura da shi ba: duk kaifin bakin Ruran, a gaban Goggo yake dakushewa. In tsohuwar ta yi magana, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta, don ta san wanda ya tauna mata shinkafa ya sa mata a baki lokacin da ba ta da kowa.

Tana shekara shida aka haƙa filin jirgin sama. Baffa Padan, yayan Goggo, shi ya tsaya kai da fata, don ya gaji da ɗaukar marasa lafiya a kafaɗa tafiyar kwana tara kafin a kai inda kwale-kwale ke zuwa. Shekara biyu gari na saran gefen dutse da fartanya ana kwashe ƙasa a kwando, har Ruran ma tana da nata ɗan kwandon. Filin da aka samu bai wuce taku ɗari shida ba, kuma a jingine yake: jirgi ya shigo ta bakin kwari ya sauka yana hawa tudu, in zai tashi ya juya ya gangara. Da zarar ya wuce wani tsinin dutse da muke kira Haƙorin Kaka, kwarin ya matse, babu wurin juyawa, sai dai ya sauka ko ta halin ƙaƙa. A ƙarshen filin ta sama kuwa akwai ɗan dandalin da ake tsayawa tarbar baƙi, bayansa coci.

An daɗe ana sauka bisa sa'a kafin masu jirgin su kawo rediyon oba-oba su ajiye a wata 'yar rumfa, don kullum da safe a gaya wa ofishinsu na birnin Tarakan yadda gari ya waye. Wa za a ba in ba dagaci ba? Aka ba Maigari Liun. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce kowace safiya: "Lafiya lau, ku taho, muna maraba da ku." Ko hazo ya rufe har ba ka ganin ƙafarka, ko ruwa ya kwana yana zuba filin ya koma kunu, Maigari cewa yake ku taho.

Matuƙin jirgin, Kyaftin Sumarno, wani mutumin tsibirin Jawa mai sanyin murya, sau uku a mako guda yana yin tafiyar awa guda ya tarar da kwarin a toshe ya koma. A na huɗu ya samu ya sauka. Ya cire hularsa, ya gaida Maigari da ladabi, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ranar Talata ka ce min gari a buɗe yake."

"Na dai ce ku taho," in ji Maigari.

"To ai ko rufin cocinku ban gani ba."

"Haba ɗana! Mutum ya kira ka tun daga birni yana tambaya ko ya zo gidanka, da wane bakin za ka ce masa kada ya zo? Mu ba a haife mu haka ba."

Duk wanda ke wurin ya gyaɗa kai, don gaskiya ya faɗa. Sai aka ji murya daga wajen masu tallar abarba. Ruran ce, lokacin tana shekara ashirin, da kwando a bayanta.

"Kyaftin, ranar Talata ko kajinmu ba su sauko daga kan rufi ba don duhu. Jiya ma da ya ce maka filin ya bushe, ni na ciro masa takalminsa daga cikin laka."

Goggo Litad ta ja ɗankwali ta rufe fuska. Kyaftin ya yi ƙoƙarin danne dariya, ta ƙi dannuwa, ya tambayi sunanta. Maigari kuwa, maimakon ya yi fushi, sai ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Ɗauke ta, don Allah. Dama akwatin nan ya hana ni jin daɗin gahawata."

A ranar Kyaftin ya zaunar da ita a inuwar fiffiken jirgi ya koya mata aikin. Ya ce kada ta taɓa ce masa gari ya yi kyau ko bai yi ba, ta dai faɗi abin da idonta ya gani. Tana ganin itacen ƙarshen fili? Tana ganin rumfar gishiri? Tana ganin Haƙorin Kaka, duka ko rabinsa? Ta taka filin daga sama har ƙasa, ta danna dunduniya, ta faɗi inda ya nutse da ita. Sauran kuwa ba sai an koya mata ba, don duk wanda ya taɓa shanya tufafi a garin nan ya san halin iskarmu. Da asuba hazo na kwance a kwarin, 'yar iska mai sanyi tana gangarowa daga duwatsu. Wajen bakwai ko takwas rana ta ɗage hazon, iskar ta tsaya cik, wannan shi ne lokacin jirgi. Wajen goma duwatsu sun ɗau zafi, sai ta juya ta fara hawowa daga bakin kwari, ta bayan jirgin da ke son sauka, tana ingiza shi har ya ƙi taɓa ƙasa sai ya cinye rabin filin. Da tsakar rana gajimare sun tattaru sun yi tsiri, ƙarfe biyu kuma kowa ya kwashe shanyarsa.

Rediyon da ofis kawai yake magana, ƙarfe shida da ƙarfe bakwai, daga nan ofis ya koma kan wasu ƙauyuka. In jirgi ya taso, ba abin da ya rage wa matuƙi sai idonsa. Zai zo ya kewaya saman filin sau ɗaya ya dubi jakar iska, wata doguwar jakar yadi marar nauyi, buɗe gaba da baya, a rataye a kan gora. Mu wandon Kyaftin muke kiranta. In tana rataye tana barci, ya je ya shigo ta bakin kwari. In ta miƙe tana nuna coci, ya juya gida.

Shekara goma sha shida Ruran na wannan aiki. Kafin zakara ya gama, tana filin da sandarta tana korar ɓaunaye, tana cike ramukan da suka bari, tana zagin masu su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ta mayar da jirgi da kwanon rufin makaranta, ta mayar da shi da malamin allura, ta taɓa mayar da wani ango kwana huɗu a jere har amarya ta yi wata guda ba ta gaishe ta ba. Yara suka sa mata Inna Ba-a-sauka. Balang ma in ya dawo daga rijiyar gishiri, ba ya shiga ɗaki sai ya kewaya baranda sau ɗaya da hannuwa a buɗe yana gurnani, ya leƙo ya ce, "Uwargida, yau ana sauka ko in juya?"

"Ka wanke ƙafa tukuna, filin ba na laka ba ne."

Mutane na gunaguni, amma a ɓoye suna alfahari da ita. In mun je Tarakan muka ji matuƙa na cewa duk tsaunin nan rahoton Pa Rebatu ne kaɗai ba sai an rage masa gishiri ba, sai mu yi ta murmushi kamar mu muka haife ta.

Sai filin ya cika shekara talatin, gari ya ce sai an yi biki. Za a yanka ɓauna biyu, 'yan makaranta su busa sarewar gora, kuma babban baƙo shi ne Baffa Padan. Shekara goma sha biyu ke nan yana Tarakan wajen ɗansa saboda ciwon ƙafa. Goggo kuwa ba ta taɓa shiga jirgi ba, ta ce abin da ba shi da gashi a fiffike ba zai ɗauke ta ba. Don haka shekara goma sha biyu wa da ƙanwa ba su ga juna ba, sai saƙon gishiri da shinkafa. Shi ya haura tamanin, ita tana biye, kuma dukansu sun san ba a yi musu alkawarin wani bikin ba.

Wata uku matan gari na shiga ɗakin Goggo suna rufe ƙofa, in Ruran ta doso sai a hau zancen ciwon baya. Ana gobe biki da yamma asiri ya tonu. Suka fito da waƙa, biyu gaba biyu baya, ɗauke da sabuwar jakar iska. An ɗinka ta da baƙin yadi mai kauri, an yi mata shafi, an lulluɓe ta da 'yan duwatsu rawaya da fari da ja tun daga baki har wutsiya. A bakinta kuwa Goggo ta jera tsofaffin duwatsun da ta gada wajen kakarta, waɗanda ko ranar auren Ruran sai da aka roƙe ta kafin ta fito da su. Gaskiya ban taɓa ganin abu mai kyau irinta ba, kuma ba na jin zan sake gani.

Ruran ta sa hannu ta ɗaga wutsiyar. Nauyin ɗan akuya.

"Ina tsohuwar, Goggo?" ta tambaya a hankali.

"Wannan tsumman? Na yayyanka shi na ɗaura a fadamata yana korar tsuntsaye, can ya dace da shi. Shekara nawa yake tarbar baƙinmu kamar garin ba mata masu hannu? Yayana ya haƙa filin nan, ya zo ya tarar da tsumma a kansa?" Ta gyara tsayuwa a kan sandarta, idonta na ƙyalli. "To, ke ce mai wurin. Ya kika gani?"

Mata arba'in na kallon bakinta. Ruran ta dubi yatsun Goggo, duk allura ta huhhuda su. Ta sunkuyar da kai.

"Ta yi kyau, Goggo."

Aka yi guɗa, maza biyu suka haɗu suka ɗaga gorar. A ranta Ruran ta ce ai ƙarfe takwas jirgin zai zo, lokacin babu iska, ko wace jaka ce a rataye za ta kasance. Jibi sai ta san dabarar da za ta yi.

A hanyar gida Balang ya waiga ya dubi jakar ya ce, "Wannan ko guguwa ce ta zo ɗaga ta sai ta nemi gudummawa."

"Rufe min baki."

"Ki gaya mata mana."

"Kai ka gaya mata."

"Ni? Rufa min asiri, 'ya'yana ƙanana ne."

Gari ya waye da hazon da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Ƙarfe shida Ruran ta ce wa ofis ko itacen ƙarshen fili ba ta gani. Ƙarfe bakwai ma haka. Sai muryar Kyaftin da kansa ta fito daga akwatin.

"Malama Ruran, tsohon nan naku tun ƙarfe biyar yake zaune a cikin jirgi da kwat ɗinsa, ya ce ba mai fitar da shi. Zan taso ƙarfe tara. Yau akwai lulluɓin gajimare a sama, wataƙila rana ba za ta yi ƙarfi ba, iska ta makara. In na zo na tarar da wandona a rataye, na sauka. In ya miƙe, na juya. Kin ji?"

Nan ne wurin faɗin gaskiya game da jakar. Kalma biyar ta isa. Amma Goggo na tsaye a ƙofar rumfar da hular duwatsu a kanta, matan gari a bayanta, duk sun kasa kunne suna jin an ambaci tsohon. Ruran ta danna maɓalli ta ce, "Na ji, Kyaftin." Akwatin ya yi ƙara, ofis ya koma kiran wani ƙauyen.

Tun da take ba ta taɓa jin kunyar kanta irin ta wannan safiya ba. Maigari Liun ko ba komai bai san abin da yake yi ba, ita kuwa ta sani. Sau biyu tana zuwa wajen Goggo a inda ake naɗe tuwon shinkafa a ganye. Na farko ta ce, "Goggo, jakar nan..." sai tsohuwar ta kama ta tana gyara mata wuyan riga tana cewa, "Kin san ko zai gane ni? Haƙorana duk sun zube." Na biyu ko bakin ba ta buɗe ba. Ta koma tsakiyar fili ta tsaya tana roƙon Allah Ya bar gajimaren nan a inda suke.

Ba su tsaya ba. Tara da rabi hazo ya ɗage, lulluɓin sama ya yage, rana ta fito fes da zafinta kamar tana rama lattin da ta yi. Gari ya ɗau murna. Aka jera 'yan makaranta sittin a dandalin ƙarshen fili da sarewarsu, manya a bayansu, aka ajiye wa Goggo kujera a gindin gorar don kowa ya san aikin wa ake kallo. Goma ta wuce da kaɗan Ruran ta ji abin da take tsoro yana lasar mata ƙeya. Ta tsinko busasshiyar ciyawa ta saki. Ciyawar ba ta faɗi ba, ta nufi coci a guje. Ta ɗaga kai ta dubi jakar: tana rataye abinta, tana walƙiya, ko gezau.

Sai ga kukan inji daga bayan dutse.

Abin da ya biyo baya bai kai minti uku ba, amma har yau kowa a garin nan yana da yadda yake ba da shi. Ta ƙwala wa Balang kira ta ce ya zuba ɗanyen ganye a wutar gashi, duka, yanzu. Balang bai tambayi dalili ba. Ya rungumi tulin ganyen ayabar da aka tanada don zuba abinci ya kifa a kan garwashin da ɓauna ke kai. Ita kuwa ta ruga, ta zare addar da ke ƙugun Maigari ba ko sallama, ta tsaya a gaban kujerar Goggo tana haki.

"Goggo, tashi daga nan."

"Me za ki yi da adda?"

"Jakar nan ƙarya take yi. Iska ta tashi, ita ba ta tashi ba. In Kyaftin ya gan ta haka zai shigo."

"To ai shigowar muke jira! Ruran, kada ki kuskura. Ni ce nake miki magana."

"A'a, Goggo."

Ta ɗauki tsohuwar cak da kujerarta ta ajiye gefe, ta juyo ta kai wa gorar sara. Sau uku ta sara. Gorar ta yi ƙara ta kife a kan duwatsun bakin lambatu, ɗinkin ya fashe, 'yan duwatsun suka watse cikin ciyawa kamar an zubar da shinkafa. Sarewa ta mutu a bakin yara. A daidai nan hayaƙi ya turnuƙe daga wutar Balang, fari, mai kauri, bai ko yi sama ba ya kwanta ya bi filin ya rufe 'yan tarba, kowa ya hau tari.

Jirgin ya bayyana a kanmu. Ya kewaya sau ɗaya, ya sake kewayawa, har muna hango farin kan wani a taga. Sannan ya karkaɗa fiffike ya miƙe ya nufi gabas, ƙararsa na raguwa har ta ɓace.

Ɓauna dai an riga an yanka, dole a ci, ko da yake naman ɗaci yake don hayaƙi. Ba wanda ya yi wa Ruran faɗa. Mun iya irin wannan hukunci: kowa ya zo wucewa sai ya tambaye ta da fara'a ko ta samu abinci, sannan ya je ya zauna can nesa. Tana zaune ita kaɗai a ƙarshen tabarma, Balang a gefenta da toka har gira, yana ta ci shi kaɗai don kada a ce abincin bai yi ba. Ba jirgin take tunani ba, ta san ta yi daidai a nan. Fuskar Goggo take gani lokacin da duwatsun ke watsewa, zuciyarta kuma tana gaya mata ta rasa uwa karo na biyu.

Goggo ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dubi duwatsun ba. Ta daɗe a kujerarta, sannan ta miƙe da sandarta ta kama gangara filin ita kaɗai. Aka so bin ta, ta ɗaga hannu. Sai da ta kai ƙarshe, wajen itacen nan, ta juyo ta fara hawowa ta hanyar da jirgi ke bi. Tsohuwa ce marar nauyi, iskar kuwa ta kai ƙarfinta. Muna kallo zanenta ya manne mata a baya, ƙafafunta na sauri fiye da yadda take so, tana dogara sanda don ta rage gudu a kan tudun da kullum sai ta huta sau biyu kafin ta haye. Ba ta samu tsayawa sosai ba sai a dandali. Ta tsaya nan tana duban ciyawar da ƙananan ƙafafu suka tattake.

"Balang," ta kira. "Nan yaran suke tsaye?"

"Nan ne, Goggo."

Ta gyaɗa kai. Ta wuce wajen masu rabo, ta ɗauki ƙunshin hantar da aka ware wa babban baƙo, ta tako har ƙarshen tabarma ta dire shi a gaban Ruran. Duk wurin aka daina tauna.

"Ci."

Ruran ta kasa ɗaga kai.

"Jiya na tambaye ki a gaban mutane. Me kika ce min?"

"Na ce ta yi kyau."

"Kin san ba za ta tashi ba?"

"Na sani, Goggo."

"Kin ji fa! Shekara talatin ina fama da yarinyar nan ta koyi ladabi, ba ta tashi koya ba sai ranar da za ta kashe min yaya." Ta buga sanda a ƙasa. "Daga yau in kika sake ce min abu ya yi kyau, sai na fasa miki baki. Ci, na ce. In kin gama, ke da wannan mai fuskar tokar ku je ku tsince min duwatsuna, na san adadinsu."

Maigari ne ya fara fashewa da dariya, sai wuri ya ɗauka. Ruran na dariya hawaye na zuba a kan hantar, ta ci a haka. Da la'asar, bayan ruwa ya ɗauke, rabin gari na durƙushe a cikin ciyawa ana tsintar duwatsu, Goggo kuma ta farke shafin wata tsohuwar rigarta, yadi sharara, ta ɗinka jaka marar ado ko ɗaya, tana ɗinki tana tsaki.

Washegari ƙarfe shida Ruran ta ba da rahoto: ana ganin Haƙorin Kaka tun daga tushe, fili a bushe, babu iska. Sannan ta gaya wa Kyaftin abin da ta ɓoye masa jiya, ba ta rage komai ba. Ya ce da ya ga jaka a rataye da ya shigo, kuma da irin hayaƙin da ya gani, bai san inda zai tsaya ba. Ya ce sauran maganar sai ya zo, a dai ajiye masa abarba.

Takwas saura aka ji kukan jirgin. Babu sauran nama, yaran ma rabi ne suka zo da sarewa. Goggo na tsaye kusa da Ruran, ta kama wuyan hannunta ta riƙe gam. Kowa na kallon sama, ita fuskar Ruran take kallo.

"Yau fa?"

"Yau zai sauka, Goggo."

Jirgin ya wuce Haƙorin Kaka, ya taɓa ƙasa tun a farkon fili, ya hawo a hankali ya tsaya da sauran wuri mai yawa a gabansa. Aka buɗe ƙofa, samari biyu suka sauko da Baffa Padan, kwat ɗinsa duk ta yamutse, yana faɗa tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

"Wane ne ya kore ni jiya daga filin da na haƙa da hannuna? A nuna min shi!"

Goggo ta matsa gabansa, ba ta saki hannun Ruran ba, sai janta take. Ta ɗora ɗaya hannun a kumatun yayanta tana shafawa.

"'Yata ce," ta ce. "Ni na rene ta."